Dashen ƙashin wani a jikin wani: shin sai rukunin jini ya zo ɗaya?

Likita ya duba hoton ƙashi ya ce akwai gurbin da ba zai cike da kansa ba, sai an sa masa ƙashi, kuma ƙashin daga ma'ajiya za a ɗauko shi, na wani mutum ne daban. Da jin haka, tambayar da ke fara zuwa bakin majiyyaci ko 'yan'uwansa ita ce: to rukunin jininsu ɗaya ne? Jikinsa ba zai ƙi shi ba?

Tambayar tana da tushe. Kowa ya san ba a yi wa mutum ƙarin jini sai an gwada, kowa kuma ya ji labarin masu dashen ƙoda da ke shan magani har ƙarshen rayuwa don kada jiki ya yi watsi da ita. Yanzu da dashen haƙori, sauya gaɓar ƙugu da tiyatar ƙashin baya suka yawaita a duniya, mutanen da ake gaya wa za a sa musu ƙashin wani sun ƙaru, har ana lissafa ƙashi a matsayin abu na biyu da aka fi ɗauka daga jikin mutum a sa wa wani, bayan jini. Amsar da aka saba ba su a gurguje ita ce, ba a bukatar gwajin rukunin jini. Wannan amsa gaskiya ce ga mafi yawan mutane. Amma akwai waɗanda ba ta ishe su ba, kuma saboda su na ga ya kamata a warware maganar daki-daki.

Daga ina ƙashin ke fitowa?

Likitan tiyata yana da zaɓi da dama idan zai cike gurbi. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne ƙashin majiyyacin kansa, galibi daga gefen ƙugu. Wannan ba shi da matsalar garkuwar jiki ko kaɗan, yana kuma zuwa da rayayyun ƙwayoyin gina ƙashi. Aibinsa shi ne an buɗe rauni na biyu, wurin kan daɗe yana ciwo, kuma abin da za a iya ɗiba ba shi da yawa, musamman a jikin yaro. Akwai kuma ƙashin dabba, yawanci na shanu, wanda aka ƙone ko aka wanke har ba abin da ya rage sai ma'adininsa, likitocin haƙori suna amfani da shi sosai. Akwai na haɗi da ake yi a masana'anta daga sinadaran kalsiyam da fosfet.

Wanda muke magana a kai shi ne ƙashin ɗan'adam da aka bayar kyauta. Hanyarsa biyu ce. Ta farko daga rayayye: idan za a sauya wa mutum gaɓar ƙugu, dole a yanke kan ƙashin cinyarsa, wannan dunƙulen mai kama da ƙwallo, a sa na ƙarfe a madadinsa. Maimakon a zubar, da izininsa sai a adana shi don wani. Ta biyu daga mamaci wanda shi ko iyalansa suka amince, kuma daga nan ake samun dogayen ƙasusuwa da ake maye gurbin wanda ciwon daji ya ci.

Abin ba sabo ba ne. A wajen 1880 wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, William Macewen, ya sake gina ƙashin dantsen wani ƙaramin yaro da ruɓa ta cinye, da guntayen ƙashin da ya yanko daga ƙafafun wasu yara da yake miƙe wa ƙafa. Ya wallafa aikin a 1881, kuma bayan kusan shekara 30 yaron, wanda ya zama babban mutum, yana aiki da hannunsa. Sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunan jini a birnin Biyana. Wato dashen ƙashi ya yi nasara shekara 20 kafin a san cewa jini ma iri-iri ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙa'idar ƙashi daban take da ta jini.

Yadda garkuwar jiki ke gane baƙo

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da tambari a bayanta. Garkuwar jiki tana bin waɗannan tambura ne ta rarrabe ɗan gida da baƙo. Idan ta ga wanda ba ta sani ba, takan tura masa fararen ƙwayoyin jini, ko ta ƙera masa wasu sinadarai da ake kira antibodi, waɗanda ke manne wa baƙon su nuna shi don a hallaka shi. Kuma garkuwa ba ta mantuwa. Wanda ta taɓa gani sau ɗaya, in ya dawo ko bayan shekaru ne, martaninta ya fi na farko sauri da zafi.

Tambura iri uku ne suka shafi zancenmu, kuma cakuɗa su ne ke kawo ruɗani.

Na farko shi ne na A da B, wanda ya ba mu rukunan A, B, AB da O. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba sai jiki ya taɓa haɗuwa da baƙon jini ba. Tun daga watannin farko na rayuwa, mai rukunin O yana da antibodi a shirye kan A da B, mai A yana da su kan B, haka mai B kan A. Waɗannan tambura kuma ba a kan jajayen ƙwayoyin jini kaɗai suke ba, har a bangon cikin jijiyoyin jini akwai su.

Na biyu shi ne Rh, wanda Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana a 1940. Mafi ƙarfi a cikin danginsa shi ne wanda ake kira D. Mai shi ana ce masa fozitif, marar shi negatif, shi ne alamar da ke bin harafin rukunin jini. Shi wannan a kan jajayen ƙwayoyin jini yake zaune, kuma mai Rh negatif ba a haife shi da antibodi a kansa ba, sai in jinin fozitif ya shiga jikinsa.

Na uku shi ne HLA, wanda Bafaranshe Jean Dausset ya fara ganowa a 1958. Yana kan kusan duk ƙwayoyin jiki, ya fi yawa a fararen ƙwayoyin jini da ɓargo. Nau'o'insa dubbai ne, shi ya sa ko tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar su dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. Shi ne babban abin da ake faɗa a kai a dashen ƙoda da na ɓargo.

Me ya sa ƙoda ke bukatar dacewa, ƙashi kuwa ba ya bukata?

Ƙoda ana dasa ta da ranta, kuma dole ta ci gaba da rayuwa. Likita yana ɗinke jijiyoyinta da na majiyyaci, jininsa ya kwarara cikinta nan take. Idan rukunin A da B bai dace ba kuma ba a yi wani shiri na musamman ba, antibodin da ke jiran ko-ta-kwana za su afka wa bangon jijiyoyinta, jini ya daskare, ƙodar ta lalace cikin mintuna ko sa'o'i.

Ƙashin ma'ajiya kuwa matacce ne, kuma da sanin haka ake sa shi. Ba a haɗa masa wata jijiya. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne, sauran kuma mafi yawansa wani furotin ne mai kama da zare da ake kira kolajin, wanda na wannan mutum da na wancan kusan iri ɗaya ne. Ma'adini ba shi da rukunin jini. Abin da ake so daga ƙashin shi ne ya tsaya a matsayin shinge, jikin majiyyaci ya yi yaɗo a kansa. Ƙananan jijiyoyin jini suna kutsawa cikin ramukansa, ƙwayoyin da aikinsu cin ƙashi ne suna gwaguyar tsohon a hankali, masu gini suna biye da su suna shimfiɗa sabo. Kamar a sauya tubalin gida ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rushe shi ba. Guntayen ƙashi mai laushi irin na soso, cikin watanni zuwa 'yan shekaru sukan koma na majiyyacin kusan baki ɗaya. Babban ƙashi mai tauri kuwa bakinsa da bayansa kawai ke haɗewa da jiki, mafi yawan cikinsa yana zama a mace har bayan shekaru masu yawa, yana aikin ginshiƙi.

A 1965 Marshall Urist, wani likita a Amurka, ya nuna cewa ko ƙashin da aka cire wa ma'adini, idan aka binne shi a cikin tsokar dabba, yana sa sabon ƙashi ya tsiro a wurin. Wato a cikin mataccen ƙashi akwai furotin da ke kiran ƙwayoyin jiki su zo su yi gini. Daga nan aka samu garin ƙashi da ake cusawa a ramin haƙori da sauran ƙananan gurabu.

Saboda haka ma'ajiyun ƙashi ba sa daidaita rukunin A da B tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, kuma ba a ba mai karɓa magungunan danne garkuwa. Mai O zai iya karɓar ƙashin mai AB. Ɗan abin da ya rage na jinin da bai dace ba, jiki yana share shi a wurin ba tare da irin tashin hankalin da ake gani a ƙarin jini ba, domin ba leda guda aka ɗura a jijiya ba.

Ba ƙashin ba ne, abin da ke cikinsa ne

A nan gizo ke saƙar. Ƙashi ba dutse ba ne, cikinsa cike yake da ɓargo, kitse da jini. Kan ƙashin cinyar da aka yanke daga rayayyen mutum aka sa a firiza kai tsaye yana ɗauke da jajayen ƙwayoyin jini da farare masu yawa. Duk wani martanin garkuwa da ake gani bayan dashen ƙashi, kusan daga waɗannan yake tasowa. Don haka ainihin abin tambaya shi ne yadda aka sarrafa ƙashin kafin ya iso ɗakin tiyata.

Ɗanyen ƙashi da ba a daskarar ba shi ya fi tayar da garkuwa. Daskararre, wanda ake ajiyewa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili har tsawon shekara 5, ya fi shi sauƙi, domin sanyi yana kashe ƙwayoyin. Sai dai kashe ƙwaya daban, goge tambarinta daban. Jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa a firiza, amma ɓaraguzan fatarsu suna nan da tambarin D a jiki, kuma garkuwa tana iya karanta shi. Sai wanda aka wanke da ruwa mai ƙarfi da sinadarai aka fitar da ɓargo da kitse, aka busar da shi a cikin sanyi, sau da yawa kuma aka haska masa wani haske mai ratsa abu da ake kira hasken gama don kashe ƙwayoyin cuta. Wannan kusan babu abin da ya rage a cikinsa da garkuwa za ta kama. Tun a shekarun 1970 gwaje-gwajen Gary Friedlaender da abokan aikinsa suka nuna wannan jeri: ɗanye ya fi daskararre tayar da garkuwa, daskararre ya fi busasshe.

To me ya hana a sarrafa kowane ƙashi haka? Kowane allazi da nasa amanu. Busarwa tana sa ƙashi gautsi. Hasken gama yana raunana zaren kolajin, in aka ƙara yawansa ƙashin ya fi saurin karyewa. Garin da za a cusa a ramin haƙori ba ruwansa da wannan, amma ƙashin da zai ɗauki nauyin mutum yana tafiya, ƙarfinsa shi ne amfaninsa. Ga kuma tsada: asibitoci da yawa a duniya suna da ƙaramar ma'ajiya ta kawunan cinya a firiza, ba su da injinan wankewa da busarwa. Daskararren ƙashi da ba a wanke ba yana nan ana amfani da shi kullum.

Yarinya ko matar da jininta Rh negatif ne

Wannan shi ne wurin da amsar gaggawa take iya cutarwa, kuma shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar.

A ɗauki yarinya 'yar shekara 14 mai karkataccen ƙashin baya, ko budurwa mai ƙari a ƙashin ƙafa, jininta Rh negatif. An yi tiyata, an cike gurbin da daskararren ƙashin wani mai Rh fozitif. Aiki ya yi kyau, ƙashi ya haɗe, ta warke, ba zazzaɓi ba kumburi. Amma a ɓoye garkuwarta ta ga tambarin D, ta ƙera antibodi a kansa, ta kuma adana labarin. Ba a bukatar jini mai yawa kafin haka ta faru, abin da bai kai mililita ɗaya ba yana iya wadatarwa, domin D na cikin tamburan jini mafi tsokanar garkuwa. Ita ba za ta ji komai ba.

Bayan shekara 10 ta yi aure, ta samu ciki, ɗan ya gaji Rh fozitif daga mahaifinsa. Antibodin nan irin waɗanda ke ratsa mabiyiya ne. Sai su shiga jinin ɗan tayi su riƙa farfasa jajayen ƙwayoyinsa. In abin ya zo da sauƙi, a haifi jariri da shawara mai tsanani, a sa shi ƙarƙashin fitila ko a sauya masa jini. In shawarar ta yi yawa ba a kula ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta bar shi da kurumta ko nakasa. In ya zo da tsanani, jinin ɗan ya ƙare tun a ciki, jikinsa ya kumbura da ruwa, ya mutu kafin haihuwa. A al'adar wannan cuta cikin fari yakan tsira, domin a lokacin haihuwarsa ne uwa ke fara haɗuwa da jinin fozitif. Wadda aka riga aka tayar wa garkuwa ta hanyar dashen ƙashi kuwa, tun daga cikin fari haɗarin yake.

Wannan ba hasashe ba ne. A shekarun 1980 mujallun likitanci a Amurka da Turai sun wallafa rahotannin mata masu Rh negatif da aka samu antibodin D a jininsu bayan an sa musu daskararren ƙashi, ba tare da sun taɓa yin ciki ko karɓar jinin fozitif ba. Rahotannin ba su da yawa, kuma ba kowace aka sa wa irin wannan ƙashi ke samun matsalar ba. Sai dai idan ta faru ba ta gyaruwa. Allurar anti-D da aka fara amfani da ita a 1968, wadda ake yi wa uwa cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa, rigakafi ce. Tana hana garkuwa koyon tambarin, amma ba ta goge abin da garkuwa ta riga ta koya.

Likitoci sun rabu kan hanyar da ta fi. Wasu suna ganin a rubuta Rh na kowane mai bayarwa, a ware ƙashin masu negatif don 'yan mata da matan da ba su wuce haihuwa ba. Matsalar wannan ita ce ƙarancinsa: masu Rh negatif kusan 15 cikin 100 ne a tsakanin Turawa, sun fi haka ƙaranci a Afirka, a gabashin Asiya kuwa ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Wasu suna ganin a ba irin waɗannan mata ƙashin da aka wanke aka cire wa ɓargo kawai, sai maganar Rh ta faɗi da kanta. Wasu kuma suna cewa in dole ta sa aka yi amfani da daskararren ƙashin fozitif, a yi wa matar allurar anti-D bayan tiyata, ko da yake sanin yawan jinin da ke cikin ƙashin, da tsawon lokacin da zai ɗauka yana fita, ba abu ne mai sauƙi ba. A ganina hanya ta biyu ta fi tsafta inda ake da halinta, ta farko kuma ita ce mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kan kowace ma'ajiya. Abin da ba shi da hujja shi ne a ce ba a duba ba. Gwajin Rh na minti kaɗan ne, kuma duk wanda za a yi wa babbar tiyata an riga an san rukunin jininsa.

Namiji mai Rh negatif, da matar da ta daina haihuwa, nasu da sauƙi. Ko sun samu antibodin, illarsa ita ce nan gaba in za a ƙara musu jini dole ya zama negatif, wanda dama shi ya kamata a ba su.

Wanda wata rana zai nemi ƙoda

Tambarin HLA ma yana da nasa labarin. Da yawa daga cikin waɗanda aka sa wa babban daskararren ƙashi, in aka gwada jininsu bayan watanni, ana samun antibodi kan HLA na mai bayarwa. Ko wannan na hana ƙashin haɗewa? An daɗe ana muhawara. Gwaji a kan karnuka da ɓeraye ya nuna cewa ƙashin da ya dace ya fi saurin haɗewa. A jikin mutane kuwa sakamakon bai fito fili haka ba, kuma a aikace ba a daidaita HLA. Dalilin a bayyane yake: samun ƙashin da tsayinsa, kaurinsa da siffar gaɓarsa suka dace da majiyyaci ma aiki ne, in aka ƙara sharaɗin HLA ba wanda zai samu. Magungunan danne garkuwa kuma ba su dace da mai sabon rauni ko mai fama da ciwon daji ba, haɗarinsu ya fi amfaninsu.

Wanda abin ya shafa sosai shi ne mai ciwon ƙoda da ke jiran dashe, ko wanda ake ganin zai kai ga haka. Duk antibodin HLA da ya ƙaru a jininsa yana rage yawan mutanen da zai iya karɓar ƙodarsu, kamar yadda yawan ƙarin jini ke yi. Irin wannan majiyyaci, ko dashen haƙori zai yi, ya kamata likitan ƙodarsa ya san irin ƙashin da za a sa masa, a zaɓi nasa na kansa, na haɗi, ko wanda aka sarrafa sosai.

Abubuwan da ake rikitawa da dashen ƙashi

Dashen ɓargo, irin wanda ake yi wa masu sikila da ciwon dajin jini, sunansa ne kawai ya yi kusa. A can rayayyun ƙwayoyin da ke haifar da jini ake ɗurawa ta jijiya, dacewar HLA ita ce kan gaba, kuma bayan an yi nasara rukunin jinin majiyyaci yana komawa na mai bayarwa. A dashen ƙashi ɓargon da ke ciki matacce ne ko an wanke shi. Rukunin jinin mutum ba ya sauyawa, jinotayif ɗinsa ba ya sauyawa, ba ya kuma gadon wata ɗabi'a ko kamanni daga mai ƙashin.

Dashen hannu, wanda aka yi a birnin Liyon na Faransa a 1998, shi ma akwai ƙashi a ciki, amma yana zuwa da fata, tsoka da jijiyoyin da ake ɗinkewa. Hukuncinsa hukuncin ƙoda ne: daidaita rukunin jini da shan magani har abada.

Akwai kuma na tsakiya, wato guringuntsin gwiwa da ake dasawa da ransa tare da ɗan siririn ƙashi a ƙarƙashinsa. Ana ajiye shi a sanyin digiri 4, a yi amfani da shi cikin kusan mako huɗu kafin ƙwayoyinsa su mutu. Duk da yana da rai, ba a daidaita rukunin jini ko HLA, domin guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, ƙwayoyinsa kuma a lulluɓe suke inda garkuwa ba ta kai wa gare su. Ɓangaren ƙashin ne likita ke wankewa sosai kafin ya sa.

Idan aka ce jiki ya ƙi ƙashin

Dashen ƙashi yana lalacewa, musamman manya. Amma in aka bi diddigi, abin da mutane ke kira ƙin jiki galibi ɗaya ne daga cikin uku: ƙwayoyin cuta sun shiga, bakin ƙashin bai haɗe da na majiyyaci ba, ko ya karye bayan shekaru saboda ba shi da rayayyun ƙwayoyin da za su gyara ƙananan tsagewa. Mataccen ƙashi ba shi da jinin da zai kai masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa in ruɓa ta kama shi sau da yawa sai an cire. Shan taba, ciwon sukarin da ba a kula da shi, maganin ciwon daji da gasa ciwon da hasken na'ura, da ɗora wa ƙafa nauyi kafin lokaci, duk sun fi bambancin rukunin jini tasiri nesa ba kusa ba.

Ɗaukar cuta daga mai bayarwa shi ma wani babi ne, kuma ya koma kan jini da ɓargon nan dai. A 1992 aka wallafa binciken wani mamaci a Amurka da aka ɗauki sassan jikinsa a 1985, gwajinsa na ƙanjamau bai nuna komai ba domin bai daɗe da kamuwa ba. Waɗanda suka karɓi zuciyarsa, hantarsa da ƙodojinsa sun kamu, haka mutum uku da aka sa wa daskararren ƙashinsa da ba a sarrafa ba. Waɗanda aka sa wa ƙashinsa da aka wanke aka busar ba su kamu ba. Tun daga lokacin an tsaurara tantance masu bayarwa, ana gwada ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, kuma gwaje-gwajen zamani suna gano cutar da wuri. Duk da haka a 2021, a Amurkar dai, an sa wa mutum 113 wani haɗin ƙashi mai rayayyun ƙwayoyi daga mamaci ɗaya mai tarin fuka, mafi yawansu suka kamu. Duk inda aka bar rayayyun ƙwayoyi a cikin ƙashi don ya fi saurin haɗewa, an bar ƙofa a buɗe ga abin da ke tare da su.

Abin da majiyyaci zai tambaya

Wanda za a yi wa irin wannan aiki yana da haƙƙin sanin ko ƙashin nasa ne, na mutum ne, na dabba ne ko na haɗi. In na mutum ne, ya tambaya ko daskararre ne kawai ko an wanke shi an cire ɓargo. Mafi yawan abin da likitocin haƙori ke amfani da shi busasshen gari ne da aka sarrafa, wanda maganar rukunin jini ba ta taso a kansa ba. Ya kuma nemi a rubuta masa lambar ƙashin a takardar sallama, domin kowace ingantacciyar ma'ajiya tana ba kowane yanki lambar da za a bi a gano asalinsa in wani abu ya taso.

Iyayen yarinya kuwa, da duk macen da ke sa ran haihuwa, su faɗi da bakinsu tun kafin ranar tiyata cewa jinin Rh negatif ne, su tambayi Rh na mai ƙashin. Likitan ƙashi hankalinsa yana kan gurbin da zai cike, cikin da za a yi bayan shekara 10 ba lallai ya faɗo masa a rai ba. Wadda kuma aka riga aka yi wa dashen tun da daɗewa, ba ta san irin ƙashin da aka sa mata ba, akwai gwajin jini mai sauƙi da ke nuna ko tana da antibodin D. In ta samu ciki ta ambaci tiyatar a awon farko, kamar yadda za ta ambaci ƙarin jini ko ɓari. In an samu antibodin, ana bin yawansa a jininta, ana auna gudun jinin ƙwaƙwalwar ɗan tayi da na'urar hoton ciki don gane ko jininsa ya fara ƙarewa, kuma in ya kama ana iya ƙara masa jini tun yana ciki ta igiyar cibiya.